Gane Matsalolin Murhun Gas na Gida: Nazarin Alamu da Kalmominsu a Ƙasar Pauwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsalolin da murhun gas na gida ya fi samu, da alamun da ake gane su da su, da kuma kalmomin da Hausawa suke amfani da su wajen bayyana su. An taƙaita nazarin a kan ƙasar Pauwa, wato yankin Ƙanƙara, da kuma yankunan Faskari da Sabuwa a Jihar Katsina. Maƙalar ta nuna cewa yawancin kalmomin da ake siffanta wutar gas da su an gado su ne daga murhun itace da rishon kananzir, kuma wasu daga cikinsu suna ɗauke da tsohuwar fahimta wadda take iya kai mai girki ga halaka. Daga ƙarshe an ba da shawarar yadda masana Hausa za su taimaka wajen daidaita waɗannan kalmomi.

1.0 Gabatarwa

A ƙasashe masu tsananin sanyi irin su Ingila, gida yakan mallaki tukunyar gas ta musamman da ake kafewa a bango, wadda take dafa ruwan wanka, ta kuma tura ruwan zafi cikin bututai domin ɗumama ɗakuna. Doka a can ta hana kowa sana'ar gyaranta sai wanda yake cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a shekarar 2009. A ƙasar Hausa, murhun gas ne yake yin makamancin wannan aiki. A kansa ake girki, a kansa ake dafa ruwan wanka da hunturu, wasu ma har ruwan wankan jego. Sai dai a nan babu ma'aikacin da yake zuwa duba shi shekara-shekara. Uwargida ce take fara ganin matsala, ita ce kuma take bayyana ta ga maigida ko mai sayar da gas da kalmomin da ta sani.

Wannan ne ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe. Ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, duk an kammala su tun kafin tukunyar gas ta shiga jerin kayan ɗakin amarya a ƙananan garuruwa. Aikin ƙirƙirar kalmomin fannu da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 kuwa ya mai da hankali ne ga harshe da adabi. Ke nan masu magana ne da kansu suke ta samar wa wannan na'ura sunaye, kuma ya kamata a duba ko sunayen suna isar da abin da ake buƙata.

2.0 Ƙasar Pauwa da Sauyin Makamashi

Sarkin Pauwan Katsina shi ne hakimin Ƙanƙara. Ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kuma mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Yanki ne na noma, yana iyaka da Jihar Zamfara ta yamma, da Jihar Kaduna ta kudu. Tun asali itace da karan dawa da gawayi su ne makamashin girki, domin daji yana kusa.

Abubuwa uku suka taru suka sauya wannan yanayi. Na farko, matsalar tsaro a dazuzzukan yankin, wadda duniya ta ji labarinta lokacin da aka sace ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, ta sa shiga daji yin itace ya zama kasada. Na biyu, tun bayan cire tallafin kananzir a 2016 risho ya yi ta ja da baya. Na uku, gwamnatin tarayya ta ƙarfafa amfani da gas a cikin gida, har ta ayyana shekaru goma na bunƙasa shi a watan Maris na 2021. Da haka ƙananan shagunan ɗura gas suka yaɗu daga manyan garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi zuwa na kusa da su. Mutanen da suka tashi da murhun duwatsu uku sai ga su da tukunyar ƙarfe mai ɗauke da makamashin da ido ba ya gani.

3.0 Sassan Murhun Gas da Yadda Yake Aiki

Gas ɗin girki haɗi ne na sinadarai biyu, furofen da butan. Idan aka matse shi cikin tukunya yakan zama ruwa-ruwa, sai an buɗe sannan ya koma iska. Lita 1 ta ruwansa tana ba da kimanin lita 250 ta iska. Ya fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka idan ya fita ƙasa yake kwanciya. Yana kamawa da wuta idan yawansa a cikin iskar ɗaki ya kai tsakanin kimanin kashi 2 zuwa kashi 10 cikin 100.

Sassan da ake buƙatar sani guda biyar ne. Akwai tukunya, wadda ake kuma kira silinda, mai cin kilo 3 ko 6 ko 12.5 ko sama da haka. Akwai kan tukunya, wato regileta, wanda yake rage ƙarfin gas zuwa kimanin milibar 30 kafin ya wuce. Akwai tiyo da maƙalansa. Akwai ɗan ƙaramin hancin tagulla mai ƙanƙanin huji da gas yake fesowa ta cikinsa, yana jan iska ta wata ƙofa da take kusa da shi. Sai kuma bona, wato kan murhu mai ƙananan hudoji inda wuta take ci. A ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, bonar tana ɗaure ne kai tsaye a bakin tukunyar, babu tiyo.

Sunayen da kansu suna nuna hanyoyin da kayan wuta suka bi suka iso ƙasar Hausa. Risho da tiyo daga Faransanci suke, ashana daga Yarbanci, kananzir da silinda da regileta da bona daga Ingilishi. Kalmar gas ita kanta tana da harshen damo, domin a tashar mota man dizal ake nufi da ita. Wannan ya sa ake bambanta man gas da iskar gas.

4.0 Matsaloli da Alamunsu

4.1 Yoyo

Yoyo ita ce matsalar da ta fi kowace haɗari. A ma'anarta ta asali, kalmar tana tafiya da abin da ido yake gani: ɗaki yana yoyo, tulu yana yoyo, ana ganin lema a ƙasa. Yoyon gas ba ya barin lema. Hasali ma gas ba shi da wari a halittarsa, kamfanoni ne suke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai da gangan. Wannan al'ada ta yi ƙarfi ne bayan fashewar da ta auku a wata makaranta a garin New London na Jihar Texas ta Amurka a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu saboda ba wanda ya ji alamar gas ya taru.

Bahaushe yana cewa gani ya kori ji. A wannan muhalli karin maganar yana aiki a baibai. Kalmar ji a Hausa ta haɗa aikin kunne da na hanci da na fata, kuma da su ukun ake gane yoyo: a ji wari, a ji ƙarar tsiii a bakin tukunya, ko a ji sanyi a wurin da gas yake fita. Wanda ya ce sai ya gani da idonsa, shi ne yake ƙyasta ashana ya bi jikin tiyo da ita, kuma wannan gwaji ya sha jawo gobara.

Gwajin da ya dace shi ne na ruwan sabulu. A dama sabulu ya yi kumfa, a shafa a bakin tukunya, da gindin regileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda kumfa ta riƙa kumbura tana fashewa, nan ne ɓarakar take. Wuraren da aka fi samunta su ne 'yar robar da take cikin bakin tukunya idan ta tsufa ko ta faɗi, da tiyon da zafi ya tsattsaga ko ɓera ya ci, da maƙalin da ya saki. Robar da tiyon sauya su ake yi, ba a ɗaure su da leda ko robar keke. Tiyon ban ruwa ba ya maye gurbin na gas, domin gas yana cin irin robarsa.

Idan wari ya cika ɗaki, matakin farko shi ne a rufe kan tukunya. Sai a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da yara, musamman masu rarrafe da waɗanda suke kwance a tabarma, tun da gas ƙasa yake taruwa. Kada a kunna fitilar lantarki ko fanka, kada kuma a kashe wadda take kunne, domin ɗan tartsatsin da makunni yake yi ya isa ya ta da gobara. Idan yoyon daga jikin tukunyar ne, a kai ta tsakar gida nesa da murhun itace da bakin rijiya da magudanar ruwa. Ya kamata a kuma sani cewa hanci yana sabawa da wari cikin 'yan mintoci, don haka daina jin wari ba shi ne shaidar gas ya fita ba.

4.2 Launin Harshen Wuta

A murhun itace, jan harshe mai tashi sama shi ne alamar wuta ta kama sosai. Baƙin gindin tukunya kuma abu ne da aka saba da shi, har ana shafa toka ko sabulu kafin a ɗora domin wanki ya yi sauƙi. Wanda ya taso a kan wannan ba zai ga aibu ba idan wutar gas ta yi ja. Tsarin launuka na Hausa yana ƙara rufe bambancin, domin fari da baƙi da ja su ne ginshiƙai, kuma ja yana haɗiye launuka da dama da suke kusa da shi, har da na lemo da wani sashe na ruwan ɗorawa.

Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce, gajeriya, tsayayya, ba ta hayaƙi. Idan ta koma ruwan ɗorawa, tana rangaji, tana baƙanta tukunya, to gas ba ya samun isasshiyar iskar da zai ƙone ƙurmus. Dalilan da suka fi yawa su ne toshewar ƙofar iska da yanar gizo-gizo ko ginin zanzaro, da toshewar hudojin bona da miya ko kunu ko ruwan tuwo da ya tafaso ya zuba, da kuma rashin zaman murfin bona daidai a mazauninsa. Gyaran shi ne a rufe gas, a bari ƙarfe ya huce, a cire bonar a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a goge hudojin da tsohon buroshin haƙori, a shanya ta bushe sarai kafin a mayar. Hancin tagulla kuwa ba a sakace shi da allura ko ƙusa yadda ake yi wa wasu rishuna, domin da zarar hujin ya faɗaɗa gas zai rinjayi iska, jan wutar ya zama na dindindin.

Akwai wani launi da bai kamata a ruɗa shi da wannan ba. Da hunturu, ƙurar da take yawo a iska tana faɗawa cikin wuta ta ba da ɗan walƙiyar ruwan lemo mai zuwa yana wucewa, alhali jikin harshen yana nan shuɗi. Wannan ba lalacewa ba ce.

Illar jar wuta ta wuce ɓarnar gas da wahalar wanke-wanke. Ƙonewar da ba ta cika ba tana haifar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Alamunta a jiki su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki. Haɗarin ya fi yawa a watannin Disamba da Janairu, lokacin da ake shigar da murhu cikin ɗaki a rufe ƙofa domin a dafa ruwa a kuma ji ɗumi. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai ko suma a lokaci guda, sannan suka ji sauƙi da aka fitar da su waje, a fara zargin murhu ko kaskon gawayi kafin a ce shafar iska ce, a kuma kai su asibiti.

4.3 Raunin Wuta da Ƙin Kamawa

Idan wuta ta yi rauni, abin da aka fi cewa shi ne gas ya ƙare. Hanyar tabbatarwa ita ce awo. Nauyin tukunya ba komai a cikinta yana rubuce a jikin mariƙinta, don haka idan aka ɗora ta a sikeli aka debe wannan adadi, abin da ya rage shi ne gas ɗin da yake ciki. Idan akwai saura, sai a duba ko tiyo ya lanƙwashe ko an danne shi, ko regileta bai zauna ba, ko hancin tagulla ya toshe. Idan murhu mai kai biyu ne, kai ɗaya yana ci sosai ɗayan yana rauni, matsalar tana wajen wannan kan. Idan duka biyun suka raunana tare, a nemi dalilin daga tukunya zuwa tiyo.

Sanyi ma yana rage ƙarfi. Butan yana komawa iska ne daga kusan digiri 0 a ma'aunin Salshiyos, don haka da asubahin hunturu, musamman idan saura kaɗan ne a tukunya, tururinsa yakan yi rauni. A nan ne tsofaffin dabaru suke shigowa. Murhun itace idan ya yi sanyi iza shi ake yi, a hura, a fifita. Risho idan mai ya yi ƙasa ana girgiza shi ko a karkata shi lagwani ya jiƙa. Masu gas sai suka ɗauki wannan tunani suna jijjiga tukunya, ko su kwantar da ita, ko su kanga ta kusa da garwashi. An ƙera regileta ne domin ya karɓi tururi daga saman tukunya. Idan aka kwantar da ita ruwan gas ne zai bi tiyo, ya faso a bona da harshen da ya fi ƙarfin mai girki. Tukunyar gas a tsaye take aiki, a tsaye kuma ake ɗaukarta, ko a kan babur ne.

Idan makunni yana ƙyas-ƙyas wuta ba ta kama ba, yawanci lema ce ko maiƙo a kan tsinken da yake ba da tartsatsi, ko kuma batir ya mutu a murhun da yake amfani da shi. Mai kunnawa da ashana ya fara ƙyastawa sannan ya murɗa. Idan aka gwada bai kama ba, a rufe, a dakata warin ya wuce kafin a sake.

4.4 Wuta Mai Gurnani da Mai Komawa Ciki

Wani lokaci harshen wuta yakan rabu da bona ya tsaya a sama yana huci, ko ya riƙa ɗaukewa. Wannan yana nuna iska ta yi yawa, ko ƙarfin gas ya wuce kima, kamar idan regileta ya lalace ko aka haɗa irin na masu tuyar kasuwa da murhun gida. Akasin haka shi ne wuta ta yi ƙara fus ta koma tana ci a cikin bututun da yake ƙarƙashin bona. A duka biyun a rufe daga tukunya nan take. Regileta ba abin kwancewa ba ne a gida, sabo ake saya.

4.5 Tukunyar Kanta

Ba a cika tukunyar gas maƙil. Ana barin kimanin kashi 20 cikin 100 fanko domin ruwan gas yana kumbura da zafi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu zafin yankin Katsina yakan kai digiri 40. Mai saye da yake roƙon a danna masa gyara, yadda ake yi wajen awon hatsi a kasuwar Sheme, yana roƙar wa gidansa haɗari ne. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta sanya wa tukunya wa'adin shekara 15, tare da sake gwada ta duk bayan shekara 5. Tukunyar da gindinta ya yi tsatsa, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, ta gama aiki. Wurin ɗurawa ma abin lura ne. Fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha ta Kaduna ranar 4 ga Janairu, 2020, ta yi sanadin rasuwar mutane da dama, ciki har da Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya a lokacin.

Ƙaramar tukunya mai bona a ka tana da tata matsalar. Idan aka ɗora mata faffaɗar tukunya ko garwar ruwan jego, gindin yana mai da zafi ƙasa zuwa bakin tukunyar gas da robarsa, nauyin kuma yana iya kifar da ita. Irin wannan aiki na murhu mai tiyo ne, wanda tukunyarsa take gefe.

5.0 Abin da Ya Rage ga Masana Hausa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya karkasa kalmomin gida uku. Rukunin farko su ne na aro, irin su silinda da regileta da bona. Sun zauna a bakin jama'a, abin da suke buƙata shi ne daidaita rubutunsu. Rukuni na biyu su ne tsofaffin kalmomin da suka dace da sabon aikinsu ba tare da wata illa ba, irin su toshewa da tsatsa da kamawa da harshen wuta. Rukuni na uku shi ne abin damuwa: yoyo, da jar wuta, da ƙarewa, da gyara a ma'anarta ta ƙari. Kowace ɗaya tana jan mai magana zuwa ga wani aiki da yake daidai a murhun itace ko risho, amma yake kuskure a gas.

Shawarar wannan maƙala ita ce, masu fassara takardun gargaɗi da masu shirye-shiryen rediyo su guji sakin kalmomin rukuni na uku su kaɗai. Maimakon a ce a duba ko yana yoyo, a ce a shinshina, a saurara, a shafa ruwan sabulu. Maimakon a ce wuta ta yi kyau, a ambaci launin: shuɗiya lafiya, ja ko ruwan ɗorawa matsala. Iskar kabon monoksaid kuma tana buƙatar sunan Hausa da zai raba ta da iskar gas da kuma hayaƙi, domin wanda aka ce masa hayaƙi ne zai jira ya gan shi. Ana iya gwada siffanta ta da ɓoyayyar gubar wuta, a ga yadda masu sauraro za su karɓa. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Dutsin-ma da Zariya da Kano suna da damar haɗa kai da malaman kimiyya da hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da harkar rarraba gas, domin samar da taƙaitaccen jerin kalmomi da masu shaguna za su riƙa amfani da shi.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi matsalolin murhun gas guda biyar: yoyo, da sauyin launin wuta, da rauni ko ƙin kamawa, da gurnani ko komawa ciki, da lalacewar tukunya. An ga cewa mafi yawansu ana gane su da hanci da kunne da ido, kuma wankin bona da sauya roba ko tiyo ba su fi ƙarfin mai gida ba, amma regileta da jikin tukunya ba a yi musu gyaran gida. An kuma ga cewa a yanki irin ƙasar Pauwa, inda mutane suka baro itace ba da daɗewa ba, kalmomin tsohon murhu suna biyo su zuwa sabo tare da ɗabi'unsu. Bahaushe ya ce sabo turken wawa. Tattara waɗannan kalmomi daga bakin mata da masu ɗura gas, da tantance wadda take shiryarwa da wadda take ɓatarwa, aiki ne da yake jiran ɗaliban nazarin ma'ana da na fassara.